Nawar Kwamfutar Baba Sikeli

'Yar da'irar nan ta sake fitowa a tsakiyar fuskar kwamfutar, tana juyawa a hankali kamar ba ta da inda za ta. Baba Sikeli ya saki linzamin kwamfutar, ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ya iya wannan zaman. Shekara biyu ke nan yana yin sa, har ya san yadda zai ɗan girgiza kai, ya ja tsaki daidai wanda zai kai kunnen na kusa ba tare da ya dami na nesa ba.

"Ta sake, Baba?" in ji matar da ke teburin gabansa, ba ta ko juyo ba.

"Ta sake. Sai ta gama tunanin duniya tukuna."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zanen gine-gine a wannan ofishi. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni, sai dai a takarda. Kowa Baba Sikeli yake ce masa, saboda rular nan mai fuska uku da masu zane ke kira sikeli, wadda ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. A zamanin allo da fensir babu wanda ya kama ƙafarsa. Magina kan gane zanensa tun daga nesa, domin ba ya barin wurin da mutum zai tsaya yana tambaya. Daga baya aka kwashe allunan zane aka kai ɗakin ajiya, aka rarraba wa kowa kwamfutar tafi-da-gidanka. Ranar rabon shi ne ya miƙa hannu ya ɗauki mafi tsufa a cikinsu, ya ce a bar wa masu gaggawa sababbin. Kowa ya yaba masa.

Ana dab da tashi ranar Alhamis shugaban sashe ya leƙo ya ce yana son ganin sa. Dogo ake kiran shugaban, kuma Baba Sikeli ne ya laƙaba masa sunan, lokacin da ya zo koyon aiki yana sunkuyawa a bisa allo har bayansa ya yi ciwo. Yanzu furfura ta fara taɓa gemunsa, yana da ofishi mai ƙofar gilashi, amma har gobe ba ya zama sai Baba ya zauna.

"Maganar matakalar makarantar nan ce," in ji Dogo, yana juya biro a hannu. "Sau uku ke nan muna ɗaga ranar miƙawa. Mai kamfani ya kira ni ɗazu."

"Ai ka ga halin da nake ciki da waccan abar."

"Na faɗa masa. Na ce ram ne ya yi mata kaɗan, manhajar zane kuwa tana da ci. Ya ce to a ƙara mata, kamfani ya ɗauki nauyi. Amma Laraba mai zuwa yana son zanen a kan teburinsa." Dogo ya ajiye biron. "Baba, ba ɓoye maka zan yi ba. Ya tambaye ni ko har yanzu muna bukatar mutum shida a sashen nan."

Baba Sikeli ya dubi kalandar da ke bango, ya daɗe yana kallon ta.

"In ka yarda sai in aika a kai ta wurin gyara," in ji Dogo.

"Bar shi. Ni da kaina zan kai ta."

A gida ya tarar da matarsa tana kwashe shanya a tsakar gida. Ya ajiye jaka, ya zauna a kan benci, ya ce mata ranar Asabar zai fita neman ram.

"Ram? Wa za a kama?"

"Ba wanda za a kama. Wani abu ne da ake sa wa kwamfuta ta daina nawa."

"To, in ka samu ka sayo biyu, mu sa maka ɗaya da safe," ta ce, tana ninke zanin gado. Da ta ga bai yi dariya ba sai ta dube shi da kyau. "Baban yara, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Miƙo mini waya in kira Auta."

Autar tasu ta yi aure a wani gari, kuma ita ce ke warware musu duk abin da ya shafi na'ura. Ta ce mafi sauƙi shi ne ta yi masa oda ta intanet, ya dai juya kwamfutar ya karanto mata lambar da ke ƙasa, cikin kwana biyar za a kawo har ƙofar gida.

"Ba ni da kwana biyar. Kuma ni ban iya sayen abin da hannuna bai taɓa ba."

"To Abba, ka je benen masu kwamfuta da ke bayan tasha. Amma ka ji, kada ka bari a shiga da ita ciki inda ba ka gani. Duk wanda zai buɗe ta, ya buɗe a gabanka. Kuma ba kowane ram ne ke shiga kowace kwamfuta ba, suna da iri-iri."

Ya rubuta abin da ta faɗa a bayan wata ambulan, da manyan baƙaƙen nan nasa masu tsayi ɗaya.

Asabar da hantsi ya fara da babban kantin da ke bakin titi, mai sanyin na'ura da ƙamshin sababbin kwalaye. Wani mai sayarwa sanye da rigar kantin ya karɓi kwamfutar da yatsu, ya juya ta, ya yi murmushin tausayi.

"Baba, wannan ai ta yi aikinta ta gama. Irin ram ɗinta mun daina kawowa. Zo ka ga wata, sirit da ita, kafin ka ƙifta ido ta buɗe."

"Ram na zo saye."

"Asarar kuɗi ce, wallahi."

Baba Sikeli ya mayar da abarsa jaka ya fito. Abin mamaki, sai ya ji wani ɗan sanyi a ransa da aka ce an daina kawowa, bai kuma tsaya ya tambayi kansa dalili ba.

Benen masu kwamfuta hawa uku ne, shaguna manne da juna, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama, kowane shago da irin kiɗan da yake saki. Tun daga ƙofa ake jan hannun rigarsa. Wani mai tebur a baranda ya ji abin da yake nema, ya jawo gwangwanin madara, ya zazzage masa wasu ƙananan faifai koraye, sirara, kowanne da jerin haƙora masu ruwan zinare a gefe ɗaya.

"Zaɓi wanda ka ga dama, Baba. Duk ɗaya ne."

Baba Sikeli ya sa tabarau, ya ɗauki biyu ya haɗa su baki da baki. A tsakanin haƙoran kowanne akwai 'yar tsaga, amma ba wuri ɗaya suke ba. Ya zaro rularsa ya gwada. Bambancin bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba, amma yana nan.

"Wannan da wannan ba gurbi ɗaya za su shiga ba."

"A ɗan danna da ƙarfi, zai zauna."

"Allah ya ba da kasuwa," in ji Baba Sikeli.

Ya hau, ya sauko, ya tambaya a shago bakwai. Wasu ba su da shi, wasu suka ce ya bar ta ya dawo Litinin. Ƙafafunsa suka fara yi masa nauyi, kuma ya san dalili: wanda ya gina matakalar benen bai daidaita matakan ba, wani ya fi wani tsayi, dole gwiwa ta gaji. Yana tsaye a ƙasa yana hararar aikin sai ya lura da wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar, ba allon talla, ba kiɗa. Wata mata ce a ciki, za ta kai shekara hamsin, ta duƙufa a ƙarƙashin fitila mai madubin ƙara girma, hayaƙin dalma yana tashi siriri daga gabanta.

Ya yi sallama. Ta amsa, ta nuna masa kujera da haɓa, ba ta ɗago ba sai da ta gama abin da take liƙawa.

"Me ke damun ta?"

"Nawa. Nawa mai tsanani. In na taɓa abu sai in yi ta jira. Aikin yini ɗaya sai ya kai ni mako."

Mai gyaran ta juya kwamfutar, ta karanta lambar, ta shimfiɗa wani ƙyalle, ta kwance sukurori shida ta jera su a murfin kwalba. Ta ɗaga marfin ta juyo masa da cikin. Bai taɓa ganin cikinta ba. Sai ya ga abin ya yi kama da taswirar unguwa da aka tsara da kyau, tituna da filaye, komai a layi.

"Ga ram ɗinka nan, girmansa giga huɗu. Ga gurbi na biyu, babu kowa a ciki. Wane aiki kake yi da ita?"

"Zanen gini."

"To ka san tebur. Ram faɗin tebur ne. In teburinka ƙarami ne, sai ka naɗe wannan takarda kafin ka buɗe waccan. In ya yi faɗi, ka shimfiɗa su duka ka yi ta aikinka."

Shekara biyu ana yi masa bayanin kwamfuta, yau ne ya ji wanda ya shiga kansa gaba ɗaya.

Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani ram a cikin 'yar leda mai ƙyalli. Ta ce ba sabo ba ne, daga wata kwamfuta da fuskarta ta fashe ta cire shi, amma ta gwada shi kwana biyu bai nuna matsala ba, in kuma ya ba shi wahala cikin wata uku ya dawo da shi. Giga takwas ne. Baba Sikeli ya duba tsagar, ya duba gurbin, ya ga sun dace. Ta karkata faifan, ta tura, ta danna shi ƙasa har ya ce ƙas.

"Kafin in ɗaure, kunna ta ka buɗe aikinka mu gani."

Ya kunna. Kafin ya gyara zaman tabarau kwamfutar ta riga ta buɗe. Ya danna zanen makarantar, ya fara jingina da baya yadda ya saba, sai ga zanen ya bayyana gaba ɗaya, azuzuwa da baranda da filin da matakala za ta zauna. Hannuwansa da suka kama hanyar ƙirji suka tsaya a iska.

"Yi abin da ka saba yi," in ji ta. "Ka matsa mata sosai, in za ta gaza ta gaza a nan."

Ya kama linzamin. Ya nemo alamar jan layi, ya ja layi ɗaya. Ya nemo wurin rubuta tsawo, ya rubuta da yatsa ɗaya, ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Ya ja na tsaye. Mataki ɗaya ke nan. Ya koma neman alamar jan layi, ta ɓace masa, ya bi jerin alamomin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa da leɓe. Kwamfutar tana nan shiru, ta gama nata, tana jiran sa. A da, kowane minti kaɗan da'irar kan fito ta ba shi wurin fakewa ya numfasa. Yanzu babu abin da ke juyawa a fuskar.

Mai gyaran ta kalli hannunsa na ɗan lokaci, sannan ta kawar da kai ta shiga goge bakin ƙarfen dalmarta, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda yake bukata.

"Matakai nawa ne?" ta tambaya.

"Ashirin da biyu. Hawa biyu, arba'in da huɗu."

"Haka kake yin su, ɗaya-ɗaya?"

"Haka ake yin mataki."

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ni ban san zane ba, Yaya. Abin da na sani, kwamfutar ta yi nawa da gaske, yanzu kuma ta daina. Nawa aikin ke nan."

Ya zare tabarau ya riƙe a hannu. A saman kansu mutane suna ta hawa da sauka, ƙura tana ɗan zubowa daga ƙasan matakalar.

"In aka cire shi," ya ce a hankali, "za ta koma yadda take?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Za ta koma. Ba wanda zai san an taɓa buɗe ta."

Ba ta miƙa hannu ta cire shi ba. Ta bar marfin a gefe, sukurorin a murfin kwalba. Baba Sikeli ya yi tunanin Litinin: ya shiga ofis ya ce an daina kawo irin nata, kuma ba ƙarya ya yi ba, haka aka faɗa masa a babban kanti. Dogo zai sake hawa sama ya tsaya gaban mai kamfani, ya sake nemo wata magana. Ya ga tsayuwar tasa a zuci, dogon ƙashin bayan nan a ɗan sunkuye, yana ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

"A da, rediyo da talabijin nake gyarawa," in ji matar, kamar da ƙarfen take magana. "Da suka daina zuwa, wata takwas na yi ina koyon gyaran kwamfuta a shagon wani da na girme shi da shekara goma sha biyar. Yana yi mini tsawa kuwa."

"Kin ji daɗi?"

"Ko kaɗan."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya mayar da tabarau. "Ɗaure ta."

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa. Ya zauna ya kama aiki ba ɗaga kai, ba shan shayi. Matar teburin gaba ta juyo wajen ƙarfe goma ta ce yau ba ta ji tsakinsa ba, ko an dace? Ya ce an dace. Da rana ta take ya ƙirga abin da ya yi: mataki tara, biyu daga ciki sun kauce wa layi. Ya lissafa sauran, da madogarin hannu, da zanen gefe, da ma'aunai. Ko zai kwana a kujerar ba zai kai Laraba ba.

Ya rufe kwamfutar, ya rungume ta, ya ratsa tsakanin tebura zuwa ofishin Dogo. Dogo ya miƙe.

"Zauna," in ji Baba Sikeli. Shi ma ya zauna, ya ɗora kwamfutar a gwiwa. "An sa mata ram. Tana gudu kamar me."

"Madalla."

"Ba ita ba ce, Dogo. Ta yi nawa, amma ba ita ba ce. Ni ne ban iya ba. Kwas ɗin nan na mako biyu da aka yi mana, tun rana ta uku aka bar ni a baya, na ji nauyin ɗaga hannu a gaban yara. Layi kawai na iya ja. Da shi nake ta lallaɓawa."

Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon teburinsa. "Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Duk zanen da ka miƙo nakan buɗe shi in ga yadda aka yi shi. Layi ɗaya-ɗaya, babu kuskure ko ɗaya, amma na san awa nawa ya ci."

"Ka sani, ka bar ni ina ta yi wa mutane tsaki?"

"Ta ina zan fara? Kai ka koya mini fiƙe fensir. Sau uku ina zuwa har bakin teburinka, sai in tambaye ka lafiyar Mama in wuce." Ya shafa gemu. "Da na ce ram ne, so nake in samo mana mako guda. Ban san abin da zan ce bayan nan ba."

Ta gilashin ƙofa ana hango sauran ma'aikata, kowa da fuskar kwamfutarsa. Baba Sikeli ya ji haushi, ya kuma ji kunya, ya rasa wanne ya fi yawa, ya rasa kuma wa zai ba haushin.

"Ka ba ni zanen in ƙarasa shi yau," in ji Dogo. "Ba wanda zai sani."

"Na wata mai zuwa fa? Kai za ka yi shi ma?" Ya ɗora kwamfutar a kan teburin, ya buɗe ta, ya juya ta yadda su biyun za su gani. "Jawo kujerarka nan. Nuna mini yadda kuke yin matakala."

Dogo ya zagayo da kujerarsa. Ya zaɓi mataki na farko da Baba ya zana, ya danna wani abu, ya rubuta lamba, sai ga matakai ashirin da biyu sun jeru daga ƙasa har sama, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Baba Sikeli ya daɗe yana kallo. Aikin kwana biyu ke nan, an yi shi kafin mutum ya haɗiye yawu.

"Goge," ya ce. "Sake yi, a hankali. Kana yi kana faɗa."

Dogo ya sake, yana faɗa. Baba ya jawo takarda yana rubutawa, ɗaya, biyu, uku. Sannan ya karɓi linzamin. A karo na farko ba abin da ya faru. A na biyu matakan suka jeru a kwance kamar layin dogo. A na uku suka hau sama da kyau, suka ratsa rufin makarantar suka wuce.

Dogo ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa.

"Yi dariyarka, ai ka daɗe kana riƙe ta," in ji Baba Sikeli, idonsa a kan takardar. "A ina na kauce?"

"Lamba ta huɗu. Ka sa ɗari biyu da ashirin maimakon ashirin da biyu."

Wayar teburin ta fara ƙara. Dogo ya leƙa ya ga lambar ofishin sama ce, ya dubi Baba.

"Ɗauka mana. Ka ce masa muna kai."

"In ya ce Laraba fa?"

"Ka ce masa muna kai," in ji Baba Sikeli. Ya goge matakan da suka fasa rufi, ya ɗora yatsa a kan lamba ta ɗaya a takardarsa, ya fara daga farko.